Yadda Ake Binciken Tsohuwar Kwamfuta Da Farfaɗo Da Ita: Misalin Commodore 64

A watan Oktoba na shekarar 2014, gidan tarihi na Henry Ford da ke jihar Mishigan ta ƙasar Amurka ya biya dala 905,000 a wani gwanjo da aka yi a birnin New York, domin mallakar kwamfuta guda ɗaya samfurin Apple-1, wadda aka fara sayarwa a kan dala 666.66 a shekarar 1976. Babban abin da ya ɗaga darajarta shi ne, bayan kusan shekara 40 tana ajiye, an kunna ta kuma ta yi aiki.

Irin wannan ciniki ba kullum ake samunsa ba, domin Apple-1 kimanin guda 200 kacal aka ƙera. Amma ya nuna wa 'yan kasuwa cewa tsofaffin kwamfutocin gida na shekarun 1970 da 1980 sun sami masu nema a ƙasashen Turai da Amurka, kuma bambancin farashi tsakanin wadda ke aiki da wadda ta mutu yana da yawa.

Wannan batu ya shafi Nijeriya kai tsaye. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas ya ƙiyasta cewa a shekarun 2015 da 2016 an shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Kaya irin waɗannan kan bi ta kasuwar Alaba da ta kwamfuta da ke Ikeja, abin da ya rage kuma ya faɗa hannun 'yan gwangwan, waɗanda ke sayen sa a kan kilo. Dillalin da ya san abin da yake kallo yana iya tsamo na'ura mai daraja daga cikin tarin, amma yana iya kashe ta a cikin daƙiƙa guda idan ya yi gaggawar sa mata wuta. Wannan bayani zai bi matakan binciken ɗaya bayan ɗaya, tare da ɗaukar Commodore 64 a matsayin misali, kasancewar ita ce ta fi kowace irinta yawa a duniya.

Asalin na'urar

Kamfanin Commodore na ƙasar Amurka, ƙarƙashin jagorancin Jack Tramiel, ya fara nuna wannan kwamfuta a birnin Las Vegas a watan Janairu na 1982, ya kuma fitar da ita kasuwa a watan Agusta na shekarar a kan dala 595. Gasar farashi da ta ɓarke tsakaninsa da sauran kamfanoni ta sa kafin ƙarshen 1983 farashin ya sauko zuwa kusan dala 200, lamarin da ya tilasta wa kamfanin Texas Instruments ficewa daga kasuwar kwamfutocin gida. An ci gaba da ƙera ta har zuwa 1994, shekarar da kamfanin ya karye. Ƙiyasin yawan waɗanda aka sayar ya kama daga miliyan 12.5 zuwa miliyan 17.

A ido, na'urar allon madannai ce mai kauri, wadda ake haɗawa da talabijin. Dukkan kayan aikinta suna ƙarƙashin madannan, a kan babban allon da masu gyaran rediyo ke kira fanel. A kan fanel ɗin akwai baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙafafu, wato aisi, kowace da aikinta. Mai lamba 6510 ita ce ke sarrafa lissafi, VIC-II ke fitar da hoto, SID ke fitar da sauti, ƙwayoyi biyu masu lamba 6526 ke kula da madannai da sandar wasa da injin faifai, ita kuwa PLA ita ce ke tsara wace ƙwaya za ta yi magana a wane lokaci. Ma'ajiyarta kilobait 64 ce, daga nan ne ma ta samo sunanta.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe a nan shi ne, akasarin waɗannan ƙwayoyi masana'antar MOS Technology, mallakar Commodore, ce ta ƙera su, kuma masana'antar ta rufe tun 2001. Ke nan duk ta asalin da ta ƙone, sai dai a ciro wata daga jikin wata tsohuwar na'urar, ko a sayi madadinta na zamani.

Kafin a sa mata wuta

Mataki na farko shi ne dubawa da ido. A kwance kusoshi uku da ke ƙasan gaba, a ɗaga murfin a hankali, domin maƙalan robar da ke baya sun bushe, suna karyewa da sauri. A ɗauki hoton fanel ɗin da waya kafin a taɓa komai, saboda a san yadda kowane abu yake a zaune. Daga nan sai a duba ko akwai tsatsa, ko alamar ruwa, ko sheƙar kyankyasai, ko gurbin da aka cire wata ƙwaya. Sau da yawa akan tarar an zare SID an sayar da ita daban, domin masu kiɗa na nemanta. A share ƙura da buroshi mai laushi, a goge datti da auduga da sifirit mai tsabta, irin wanda ake kira aisofurofil.

A nan akwai gargaɗi na musamman ga masu aiki a lokacin hunturu. Idan iska ta bushe, jikin mutum kan tara wata wuta, wadda ke sa a ji tsartsar idan an taɓa ƙarfe. Wannan 'yar wuta ta isa ta kashe ƙwayar 6526, musamman da yake ramukan sandar wasa suna dab da makunni, inda yatsa ke yawan kaiwa. Mai gyara ya ɗaura igiyar sauke wuta a wuyan hannunsa, ko kuwa ya riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ya sa hannu a ciki.

Akwatin wuta, makashin na'ura

Babu abin da ya kashe Commodore 64 da yawa kamar akwatin wutarta na asali. Wannan akwati yana fitar da wuta iri biyu: volt 5 ta kai tsaye, da volt 9 mai juyawa. Akasarinsu an cika cikinsu da wani ƙaro mai tauri tun a masana'anta, don haka zafi ba ya fita sosai, kuma ba a iya buɗe su a gyara cikin sauƙi. Idan abin da ke daidaita volt 5 ya gaji, maimakon ya yanke wuta sai ya sake ta da ƙarfi. Ƙwayoyin ma'ajiya kuwa an ƙera su ne su jure har volt 5.5 kawai, saboda haka su ne ke fara ƙonewa.

Dole ne a auna akwatin da mita tun ba a haɗa shi da kwamfutar ba. Idan layin volt 5 ya haura 5.3, a ajiye shi gefe. Layin volt 9 yakan nuna 10 ko ɗan fiye idan babu abin da ke jan wuta, wannan ba laifi ba ne. Har ila yau, akwatin na iya nuna daidai yana sanyi, ya kuma haura bayan ya yi zafi. Shi ya sa ƙwararrun masu gyara ba sa amincewa da shi ko da ya ci jarrabawar farko. Sukan sayi sabon akwati na zamani, ko su sa wata 'yar na'ura a tsakani mai yanke wuta da zarar ta haura. Tsohon akwatin kuma a adana shi, domin mai saye yakan so ganinsa a cikin kayan.

Bugu da ƙari, a karanta rubutun da ke jikin akwatin. Wanda ya fito daga Amurka an yi shi ne domin wutar volt 110 zuwa 120, alhali wutar Nijeriya volt 230 ce. Sa shi a soket kai tsaye asara ce nan take, sai an bi ta taransifoma mai rage wuta. Wanda ya fito daga Ingila ko Jamus ya dace da wutarmu. Duk da haka, kada a yi gwaji a kan janareta mai hawa da sauka ba tare da sitabilaiza ba.

Abin da fuskar talabijin ke faɗa

Idan an tabbatar da lafiyar wuta, sai a haɗa kwamfutar ita kaɗai, ba tare da injin faifai ko kaset ko sandar wasa ba. Wannan ƙa'ida ce a duk binciken na'ura: a fara da mafi ƙarancin kaya, a riƙa ƙara ɗaya bayan ɗaya, yadda duk inda matsala ta ɓullo za a san mai laifi.

Ya fi kyau a ɗauki hoto ta ramin bidiyo mai zagaye da ke baya, maimakon ramin eriya, domin talabijin na zamani da yawa ba sa kama tashar da take fitarwa. A lura kuma cewa na'urorin Turai suna bin tsarin PAL, wanda Nijeriya ta yi amfani da shi, na Amurka kuwa tsarin NTSC. Rashin dacewar tsarin kan sa hoto ya fito fari da baƙi, ko ya riƙa birgima, alhali na'urar lafiyarta ƙalau.

Lafiyayyar Commodore 64 takan nuna shuɗiyar fuska cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, da rubutun 38911 BASIC BYTES FREE, da kalmar READY, da wani ɗan murabba'i mai ƙyaftawa. Duk abin da ya saɓa wa haka alama ce. Idan lambar ta gaza 38911, ko haruffa barkatai suka cika fuskar, galibi ma'ajiya ce ta sami matsala. Idan rubutun ya fito amma murabba'in ba ya ƙyaftawa, ko layin madannai guda ya ƙi aiki gaba ɗaya, a tuhumi 6526 ta farko. Idan hoto ya fito babu sauti, a duba SID.

Mafi wuyar sha'ani ita ce baƙar fuska, domin abubuwa da dama na haddasa ta. Hasken jar fitilar da ke sama ba hujja ba ce, saboda volt 5 kawai take nunawa. A fara da mai araha: a auna fiyus ɗin da ke cikin na'urar, wanda ke kan layin volt 9, sannan a wanke makunni, domin dattin cikinsa kan rage wuta. Bayan haka a bar na'urar a kunne na ɗan lokaci kaɗan, a taɓa ƙwayoyin ma'ajiya guda takwas da ke kan tsofaffin fanel. Wadda ta yi zafin da yatsa ba zai iya jurewa ba ta lalace. Ana iya zare SID daga gurbinta a gwada, domin na'urar na tashi ba tare da ita ba, kuma SID da ta lalace na iya hana ta tashi. Idan duk waɗannan ba su warware ba, PLA ce babbar abar zargi, don ta yi suna wajen mutuwa saboda zafi.

Akwai wani katirij na gwaji mai lamba 781220, wanda ake sawa a ramin baya. Ko da fuskar baƙa ce, yakan sa ta walƙa fari sau wani adadi, adadin kuma shi ke nuna ƙwayar ma'ajiyar da ta lalace. Duk mai son mayar da wannan aiki sana'a, ya mallake shi tun da wuri, domin yana hana sayen kayan da ba a buƙata.

Wajen sauya ƙwaya ake yin ɓarna mafi yawa. Hanyoyin tagulla da ke kan fanel sirara ne, kuma zafin ƙarfen narka dalma na ɗaga su. Idan an tabbatar ƙwaya ta mutu, a yanke ƙafafunta da almakashin waya, a zare su ɗaya bayan ɗaya, sannan a dasa gurbi mai ramuka, yadda nan gaba za a iya zare sabuwar da hannu. A kula da SID: ta tsohon samfuri mai lamba 6581 tana cin volt 12, ta sabon samfuri mai lamba 8580 kuwa volt 9. Sa ta biyun a gurbin ta farkon na iya ƙona ta. Haka kuma jabun ƙwayoyi da aka goge aka sake wa lamba sun yawaita a kasuwannin intanet, don haka farashi mai arha da yawa abin tsoro ne.

Injin faifai da na kaset

Injin faifai samfurin 1541 kwamfuta ce mai zaman kanta, da nata 6502 a ciki, kuma ya fi uwar na'urar nauyi. Yana karanta faifai mai faɗin inci 5.25, wanda fuskarsa ɗaya ke ɗaukar kimanin kilobait 170. Idan an kunna lafiyayye, koriyar fitila za ta tsaya a kunne, ja kuma ta haska na ɗan lokaci tare da juyin mota, sannan su tsaya. Idan jar ta ƙi mutuwa kuma motar ta ci gaba da juyawa, matsalar tana kan fanel ɗin injin.

Kafin a sa wani faifai, a goge kan da ke karatu da auduga da sifirit, a shafa ɗan mai kaɗan a kan sandunan da yake zamewa a kai, a kuma duba bel ɗin roba ko ya saki. Faifan ya kamata ya juya sau 300 a minti ɗaya. Sai a sa faifan da ba shi da muhimmanci, a rubuta LOAD"$",8 domin kiran jerin abubuwan da ke cikinsa. Kada a yi gaggawar kwance kusoshin saitin kan karatu. Yawancin injinan da ake cewa saitinsu ya goce, datti ne kawai ke damunsu, kuma wanda ya taɓa saitin ba tare da faifan awo ba zai sha wuya kafin ya mayar da shi.

Injin kaset, mai suna Datasette, ba baƙo ba ne ga duk mai gyaran rediyon kaset. Ciwonsa guda ne da na rakoda: bel da ya narke, da tayar roba da ta bushe, da kan karatu da ya karkace, wanda ake daidaitawa da siririn sukuddireba ta wani ɗan rami a saman injin. Tunda daga kwamfutar yake shan wuta, kada a sa shi ko a zare shi tana kunne. Wannan ƙa'ida ta shafi katirij da firinta da duk sauran kayan haɗi.

Game da talabijin ɗin kamfanin, samfurin 1702, a bar shi ga ƙwararren mai gyaran talabijin. Kwalbar hotonsa na aiki da kimanin volt 20,000, kuma tana iya riƙe wuta bayan an zare ta daga soket.

Ceto abin da ke cikin faifai

Ba wasanni kawai aka yi da wannan na'ura ba. Ƙananan 'yan kasuwa sun rubuta wasiƙu da Easy Script, sun yi lissafi da Multiplan, sun adana sunayen abokan ciniki da Superbase. Na'urar ana iya sayen wata, amma bayanan da ke kan faifai idan suka goge sun tafi ke nan.

Faifan da ya daɗe a wuri mai laima kan yi funfuna. A juya shi da yatsa, a leƙa ta tagarsa a gaban haske. Idan an ga fararen ɗigo-ɗigo, kada a sa shi a inji, domin zai ɓata kan karatu, kan kuma ya karce duk faifan da ya biyo baya. A liƙe tsagar da ke gefen kowane faifai da salatif mai duhu wanda haske ba ya ratsawa, hakan na hana injin yin rubutu a kansa bisa kuskure. A kuma ɗauka cewa karatun farko na iya zama na ƙarshe, don haka a kwafe shi tun a wannan karo.

Kwamfutar zamani ba ta gane tsarin rubutun Commodore da kanta. Ana amfani da wata 'yar na'ura mai suna ZoomFloppy, wadda ke haɗa 1541 da ramin USB, ko kuma Greaseweazle, wadda ke aiki da injin faifai irin na IBM. Kowace fuska takan zama fayil na D64 mai bait 174,848, wanda manhajar VICE ke buɗewa kyauta a kan kwamfutar yau. Domin amfanin yau da kullum kuwa, na'urar SD2IEC na maye gurbin injin faifai da katin ajiya, yadda tsofaffin faifai za su huta.

Lissafin ɗan kasuwa

Mai saye a wannan kasuwa yana biyan kuɗi ne a kan abubuwa sanannu: na'ura mai aiki, da kwalinta na asali, da littafin jagora, da takardar lambar masana'anta da ke ƙasanta, da ƙwayoyinta na asali. Saboda haka duk abin da aka cire, ko da ya mutu, a sa shi a leda a haɗa da kayan. Kada a huda jikin robar, kada a yi mata fenti. Wasu na wanke jikin da ya yi rawaya da haidurojin a cikin rana, dabarar da ta yaɗu tun 2008, amma launin kan dawo bayan shekaru, kuma idan aka yi sakaci jikin kan yi dabbare-dabbare. Ruwan sabulu da tsumma sun wadatar.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya game da riba. Commodore 64 ta yi yawa, don haka farashinta bai kusanci na Apple-1 ba. Tun 2018 ma akwai ƙaramar kwaikwayonta mai suna THEC64 Mini, wadda ta wadatar da masu son wasa kawai. Kafin a kashe ko kwabo, a duba farashin da aka sayar da irinta a kasuwannin intanet, a bar farashin da masu kaya ke nema. A cire kuɗin sabon akwatin wuta, da na ƙwayoyin da za a yi oda da kuɗin waje, da ladan mai gyara, da kuɗin aikawa, wanda ga injin 1541 yana iya cinye ribar gaba ɗaya. Idan lissafin bai fita ba, sayar da lafiyayyun ƙwayoyi ɗaya-ɗaya na iya fin gyaran riba.

A rubuta duk abin da aka auna da wanda aka sauya, da ranar da aka yi, a kuma ɗauki hoton shuɗiyar fuskar tare da lambar na'urar. Mai saye da ke wata ƙasa ba ya ganin kayan, wannan rubutu shi ne shaidarsa, kuma dillalin da ya ɓoye gyara sau ɗaya ya rasa abokin ciniki.

Wannan tsari bai tsaya ga Commodore 64 ba. Kowace na'ura da nata ciwon: Amiga 500 Plus batirin agogonta kan tsiyaye ya cinye fanel, ZX Spectrum ta Ingila ledar da ke ƙarƙashin madannanta kan tsage, BBC Micro da Apple II kuwa wani kwandansa a akwatin wutarsu kan fashe da hayaƙi. Amma jerin aikin guda ne a kan dukkansu: a duba da ido, a auna wuta, a tayar da na'urar ita kaɗai, a ƙara kayan haɗi ɗaya bayan ɗaya, a kwafe faifai tun karatun farko. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san yadda aka adana ta. Na'urar da ta jira shekara 40 a cikin kwali za ta iya jiran kwana guda a nemo mita.